Shekarar da Muka Yanke Ɗanyar Alkama

Bana azumi ya same mu alkama ta fid da kai, ƙwaya ta fara nono. Shekaranjiya da hantsi na bi ɗana Nura zuwa garka, na tsaya a bakin fangali ina kallonsa yana jan tiyo daga wannan layi zuwa wancan, injin ban ruwa yana ta ruri a gefe. Ya ciro salula daga aljihu ya duba, ya ce an sanar zafi zai ƙaru cikin kwana biyar masu zuwa. Na ce masa na riga salular sani, tunda da asuba ban nemi mayafi na biyu ba. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na tsinko kai ɗaya, na matse ƙwaya tsakanin farce da farce, farin ruwa ya tsarto mini a yatsa. Sai na shiga tunanin rabon da azumi ya faɗo daidai wannan gaɓa ta alkama. Shekara talatin ke nan da ƴan kai.

A lokacin ban fi shekara ashirin da shida ba. Garinmu yana bakin Gulbi, yamma da Tibiri, kuma daminar shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Muka zuba wa gabas ido har muka gaji, hadari ya taso ya yi baƙi ya watse, zangarniya ta tsaya fayau ba ƙwaya. Gonar Baba da takan cika rumbu biyu ba ta cika rabin ɗaya ba. Gulbin ma da yakan malale fadama ya bar mana laka da danshi, sau biyu kawai ya zo, bai ko hau gaɓa ba. Kaka ba ta ƙare ba maza suka fara ɗaure kaya. Mijina Sani ya tsallaka iyaka ci rani, yayyena biyu suka bi shi. Ni na ɗauki ɗiyata, tana shekara uku, na koma gidanmu don a haɗa tukunya ɗaya.

Gidan ya rage mu huɗu: Baba, Inna, ni da ƙaramar. Baba sunansa Alu, ya haura sittin, dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda shekarun da ya yi yana jan jigon ban ruwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Yana da garka a fadama da rijiya ɗaya, da tulu guda na irin alkama da ya gada wurin mahaifinsa, gajeruwar alkama mai jar ƙwaya, irin wadda matan Tibiri ke nema don alkaki. Na sha ganin Inna ta tsaya tana kallon tulun nan in ta auno gero ta ga yadda ƙasan rumbu ke matsowa.

Da sanyi ya fara shigowa muka ja fangali sittin. Mu biyu ne ke aikin, ni da Baba, don haka shukar ta kasu uku. Ashirin na farko muka shuka su can ƙarshen garka, inda ƙasar ke da rairayi kuma ta fi sauƙin kafta. Bayan mako biyu muka shuka ashirin na tsakiya. Na ƙarshe, waɗanda ke kewaye da rijiya a kan baƙar ƙasa mai ƙarfi, sai da wata ya wuce sannan muka kai gare su, don a tsakani ciwon baya ya kwantar da Baba kwana goma.

Ba mu daɗe da gama shuka ba wani malamin gona ya zo daga Gidan Rumji a kan moto, wato babur, ana ce masa Mushe Haruna, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci. Ya tara masu garka ƙarƙashin gawon da ke kan iyakarmu da Kawu Ɗan Ladi, ƙanen Inna, wanda garkarsa ke jingine da tamu. Ya ce buro, wato ofishinsu na gona, na son a riƙa bin yadda sanyi da zafi ke tafiya a fadama, da yadda alkama ke amsawa. Ya fito da ma'aunin zafi, wani ɗan gilashi mai jan zare a ciki, ya sa shi cikin akwatin katako mai ramuka, ya rataye a jikin gawon. Sannan ya tambaya wa ya iya karanta lamba.

Waɗanda suka yi lakol, makarantar boko, duk suna ci rani. Baba ya nuna ni da haɓa.

"Ga Uwata nan. Ta yi aji biyar."

Kawu Ɗan Ladi ya ce, "Mushe, mu da muka tsufa cikin fadamar ga, sai kwalba ta gaya muna ana sanyi?"

Mushe Haruna ya ce, "Kawu, jikinka ya san sanyin yau. Ni so nike in ga na yau da na jiya da na shekaranjiya a jere."

Ya ba ni kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Ya ce in duba jan zaren sau biyu a rana, bayan sallar asuba da kuma azahar, in rubuta inda ya tsaya. In rubuta ranar ban ruwa, da launin ganye, da ranar da kowane kashi ya yi ciki ko ya fid da kai. Da zai hau moto ya ƙara da cewa, "Alkama ba ta tsoron komai kamar zafi ya same ta tana nono. In ya same ta haka kuma ba ruwa a gindinta, ƙwayar tsamurewa za ta yi, ki sussuke ki tarar da ɓawo."

Daga nan kwanakinmu suka zama iri ɗaya. Ana sallame asuba mu kama hanya, Baba a gaba da guga a kafaɗa, ni a baya da fartanya da kaye a ƙugu. Sanyin fadama ba irin na cikin gari ba ne, kwanciya yake yi a ƙasa ya kama idon sawu. In buɗe akwatin yatsuna na rawa, jan zaren ya sauko sha biyu ko sha uku, in rubuta da kyar. Baba ya hau bakin rijiya, jigo ya fara kuka, ƙiii, ya sauka, ƙiii, ya tashi. Ni ina can ina buɗe wa ruwa hanya da fartanya, in wannan fangali ya sha in toshe in buɗe na gaba. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da safe yakan sa ka manta cikinka ba komai sai kunu mai ruwa-ruwa. Ƙafafuna suka yi faso har suna jini. Da rana Inna ta kawo fura wadda rabinta dusa ce, da yamma kuwa kwaɗon tafasa busasshiya, tuwo sai kwana bibbiyu.

Wata safiya na lura Baba yana ƙara sunkuyawa kafin guga ya taɓa ruwa. Na samo igiya a gida, na ɗaura dutse a bakinta, na ƙulla ta taƙi-taƙi. Kowace safiya kafin a jefa gugan farko sai in zura ta har dutsen ya taɓa ƙasa, in jawo, in ƙirga ƙulli nawa suka jiƙe. Ranar farko sha huɗu ne. Na buɗe wa wannan shafinsa daban a bayan kaye. Da Mushe Haruna ya dawo bayan mako biyu ya ga shafin, ya ce, "Wa ya sa ki wannan?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "Kada ki bari ko rana ɗaya ta wuce."

Yanzu rijiyar Nura ta burtsatse ce, ba mai leƙa ta bare ya auna, in dai akwai mai a inji ruwa zai fito. Abin da ya fi damun masu alkama a yau shi ne sanyin ya gajarce, yakan zo a makare ya tafi da wuri. A wancan zamanin kuwa mun saba sanyi ya raka alkama har ta ƙosa. Shekarar nan ce karo na farko da na ga ya gudu ya bar ta a hanya. Saura kamar kwana goma a ga watan azumi iska ta tsaya cak. Da asuba jan zaren ya daina sauka ƙasa da ashirin, da azahar yana neman arba'in. Ganyen alkama ya fara naɗewa tun hantsi. Fangalin da ke riƙe danshi kwana shida ya koma bushewa a kwana uku. Igiyata kuwa, daga sha huɗu ta dawo takwas.

Aka ɗauki azumi a haka. Kashi na farko, na can ƙarshen garka, ya fid da kai, amma gajere ne, ganyen ya yi fari-fari, ba abin nuna wa baƙo ba. Na tsakiya ya yi ciki. Na bakin rijiya kuwa ya kai gwiwa, kore shar har yana baƙi-baƙi, duk mai wucewa sai ya tsaya ya ce tubarkalla. Amma ko ciki bai yi ba.

Rana ta uku ga azumi na zauna ƙarƙashin gawo da azahar na baje kayen a cinya. Na ga rijiya tana rasa taƙi ɗaya duk kwana huɗu, kuma tun da zafi ya shigo abin ƙara sauri yake yi. Na farko yana bukatar ruwa na kwana ashirin da ƴan kai kafin ƙwaya ta yi tauri. Na tsakiya ya fi wata. Na bakin rijiya kusan wata biyu. Na juya lissafin ta kowane gefe, amsa ɗaya yake ba ni. In muka ci gaba da raba ruwan nan kashi uku, rijiya za ta ƙafe dukkansu suna tsakiyar hanya, mu tashi ba abinci, ba iri.

Na bari sai da aka sha ruwa, Baba ya yi magariba ya zauna kan tabarma da ƙwaryar kunu.

"Baba, ruwan rijiya ba zai kai mu ba."

"Allah ke da ruwa, Uwata."

"Shi ke da shi. Amma na auna, Baba, kullum ina aunawa. In muka bar fangali ashirin, sauran za su kai."

"Waɗanne?"

"Na bakin rijiya."

Ya ajiye ludayi. Ya dube ni kamar bai gane ni ba.

"Waɗanda suka fi kyau? Ki bar mai ƙiba ki riƙe ramamme?"

"Ramammen ya kusa isa gida. Mai ƙibar bai ko kama hanya ba."

"Shekara arba'in ina noman alkama ban taɓa juya wa fangali baya ba yana kore. Ba zan fara bana ba."

Da Mushe Haruna ya zo ya duba shafukan, ya ce wa Baba lissafina daidai ne. Baba ya saurare shi da ladabi har ya gama, ya raka shi bakin hanya. Da ƙarar moto ta yi nisa ya ce, "Shi ya hau ya tahi. Mu ke kwana da ita." Kawu Ɗan Ladi, wanda tasa rijiyar ma ke sauka, ya goyi bayan Baba. Shawarar da suka yanke ita ce a yashe rijiyoyin biyu.

Aka yi gayya ranar Asabar. Tsofaffi shida ne da mata huɗu, kowa da azumi a baki. Kawu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka tamu, yana cika guga da laka muna ja muna zubarwa. Ba mai waƙa, ba mai hira, sai numfashi da kukan igiya. Wajen azahar ya kai ga rairayi, kuma duk abin da ya kwashe sai gefe ya zubo ya mayar. Da wani ɓangare ya rufto masa har gwiwa, Baba ya ce a jawo shi haka nan. Washegari na auna, mun samu ƙarin taƙi biyu. Kafin mako ya zagayo sun koma inda suka fito.

Baba ya ƙara wa kansa aiki. Rijiya ta koma ƙarewa kafin hantsi ya yi nisa, sai a jira ta taru, don haka ya riƙa tsayawa a bakinta cikin rana yana kwasar duk ɗan abin da ya tsatso. Ranar sha biyu ga azumi, gab da azahar, ina can ƙarshen garka na ji jigo ya yi ƙara ɗaya mai ƙarfi ya yi shiru. Ruwan da ke zuwa ta hanya ya tsinke. Na ɗaga kai ban ga Baba a tsaye ba.

Na same shi kwance a gefen rijiya, ƙafa ɗaya tana reto a ciki. Jikinsa zafi kamar tukunya, ba gumi ko ɗigo, leɓɓansa sun yi fari. Na kwarma wa Kawu kira. Muka ja shi inuwar gawo, na tsoma kallabina a guga ina matsa masa a kai da ƙirji. Da ya buɗe ido na kai masa ruwa baki, ya kau da kai.

Kawu ya ce, "Alu, sha. Allah bai ce ka kashe kanka ba. Ka rama bayan salla."

Ya sha, hawaye na bin gefen idonsa. A amalanke aka kai shi gida.

Kwana biyu na ja jigo ni kaɗai. In ja guga goma, in ruga in gyara hanyar ruwa, in dawo. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe. A kwana biyun nan fangali sha ɗaya kawai na iya shayarwa, igiya kuma ta nuna biyar. Da yamma ta biyu na shiga ɗakin Baba na durƙusa a bakin gado.

"Baba, gobe zan sa lauje a na bakin rijiya. Ban so in yi ba ka sani ba."

Ya juya fuska bango. Da na fito na tarar da Inna a tsakar gida tana wasa laujen a kan dutse. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Tahi ki yi. In faɗa ne, ni zan amsa."

Ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi kamar yankan fangalin farko ba. Karan yana da taushi, lauje yana shiga ba gardama, ruwan ganyen yana jiƙa mini hannu, ƙanshinsa kamar na sabuwar ciyawar damina. Ni na watsa irin nan, ni na bi shi da fartanya wata biyu. Kawu ya leƙo ta kan shinge ya riƙe baki.

"Ke ɗiyar nan, mi nike gani? Uban naki na kwance kina aske mishi garka?"

"Kawu, taka rijiyar ma ka auna ta."

"Ni ba ni aune-aune. Abin da na shuka duka nawa ne, duka zan ba ruwa."

Na ci gaba da yanka.

Ɗanyar alkamar ba ta tafi a banza ba. Akwai wata Bafulatana, Adama, da ke kawo nono gari daga rugarsu ta bayan tudu. Shekarar nan shanunsu sun rame, ƙwaryarta ba ta cika rabi. Ta gan ni da ƙunshin kore a ka, ta tsaya ta taɓa shi ta shinshina. Muka daidaita a tsaye a kan hanya: kullum in yanka mata fangali biyu, ita kuma ta kawo mana ƙwaryar nono kafin shan ruwa. Kwana goma muka yi a haka. Nonon nan shi ya tayar da Baba, shi ya mayar wa ɗiyata kumatu, ni ma shi ya riƙe ni a bakin jigo.

Duk da haka ruwan bai isa ba. Tsakanin rijiya da ƙarshen garka akwai nisa, rairayin hanya yana shanye kusan rabi kafin ya isa. Na daina sakin ruwa a hanya, na koma ɗauka a tulu ina zubawa a gindin alkamar. Da Inna ta ga haka ta goya ƙaramar ta biyo ni da nata tulun, maƙwabtanmu mata biyu su ma suka riƙa zuwa da la'asar su yi mana sawu goma-goma. Da igiya ta nuna uku na sake zama da kayen, na cire fangali takwas daga na tsakiya, waɗanda suka fi baya. Wannan karon ban tambayi kowa ba.

Ana saura mako guda salla Baba ya fito, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin rijiya yana kallon kututturen da na bari, fili fetal inda da kore ne. Na ajiye tulu na tsaya ina jiran abin da zai faɗa. Ya daɗe. Sannan ya taka a hankali har ƙarshen garka, ya tsinki kai ɗaya ya murza a tafi ya hure, ya sa ƙwaya a haƙori ya gwada taurinta ya tofar.

"Ki daina ba su da safe," ya ce. "Ki bari sai rana ta karya, ruwan ya kwana a gindinsu. Kuma tsuntsu ya gano ki, ga kashinsu nan. Kawo mini gwangwani da tsakuwa."

Tun daga ranar shi ya zama mai korar tsuntsayen jan baki. Ya ja igiya daga gawo zuwa ƙarshen garka, ya rataya gwangwanaye, yana zaune a inuwa yana girgizawa yana yi musu tsawa da muryar da ta rage masa. Maganar lauje ba ta sake haɗa mu ba.

Muka yi salla ba sabon zane, ba nama, sai tuwon gero da miyar kuka da Inna ta ɓoye wa ranar. Kwana uku bayan salla na zura igiya, dutsen ya faɗa cikin laka, ko ƙulli ɗaya bai jiƙe ba. Na rubuta sifili. A lokacin kashi na farko ya yi ja, kai ya sunkuya, ƙwaya tana ƙara a haƙori. Na tsakiya ya samu ruwansa na ƙarshe da kyar. Muka ba su kwana goma muka yanke, muka shanya, muka buga a kan tabarmi, ni da Inna muka sheƙe. Na farkon ya ba da ƙwaya cikakka, ja, mai nauyi a hannu. Na tsakiyar rabi tsamurarriya ce. Inna ta ware mai kyau ta cika tulun iri har wuya, ta samu ragowar da ba ta kai buhu ba. Tsamurarriyar ita muka riƙa ɓarzawa muna haɗawa da gero.

Garkar Kawu Ɗan Ladi kuwa tun kafin salla rijiyarsa ta ƙafe. Alkamarsa duka ta fid da kai, kawuna dogaye masu kyan gani, suka yi fari a tsaye. In ka murza sai ƙaiƙayi. Haka ta faru ga wasu garake uku a layinmu.

Wata safiya muna tsakar gida ya yi sallama ya shigo, da ɗan buhu a naɗe ƙarƙashin hammata. Ya gaida Inna, ya gaida Baba, ya tambayi jiki, ya tambayi labarin masu ci rani, ya yi maganar zafi, ya sake tambayar jiki. Buhun yana nan a hammatarsa. Baba ya bar shi ya gama zagayensa.

"Uwata, buɗe tulun ga ki auna wa kawunki tiya uku. Ki auna bibbiyu ki ajiye wa sauran ukun, su ma suna tahe ko ba su ce ba."

Inna ta ce, "Malam, tulun zai koma rabi fa."

"Mu cike da ragowar."

"Ragowar ita ce abincinmu har ruwa ya sauka."

"Na sani."

Inna ta tashi da kanta ta ɗauko tiya ta miƙo mini. Na durƙusa ina aunawa, Kawu ya riƙe bakin buhu. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ɗiyata, da na ji maganarki."

Kafin in amsa Baba ya ce, "Kai Ɗan Ladi, ni ma ban ji ba. Faɗuwa na yi."

Kawu ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya sa hannun riga yana share ido. Ya ɗaure buhunsa ya saɓa a kafaɗa ya fita.

Da yamma Inna ta juye ragowar a tulu, ta barbaɗa toka a sama, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin, ta danna tafin hannunta a kai. Bazarar nan ta yi tsawo. Gero ya ƙare saura wata biyu ruwa ya sauka, muka ci dusa, muka ci ƴaƴan anza na daji da aka jiƙa kwana uku don ɗacin ya fita, akwai ranakun da ba a hura wuta ba. Tulun yana nan a kusurwar ɗakin da muke kwana, mu huɗu muna wuce shi safe da yamma. Ba wanda ya fasa lakar nan sai da sanyi ya dawo.